Damisar Kahu Ta Je Rano

Tarihin fim a ƙasar Kibiya ya kasu gida biyu: kafin Damisar Kahu, da kuma bayan Damisar Kahu. Kafinta ba wanda ya taɓa yin fim, bayanta kuma ba wanda ya sake gwadawa.

Wanda ya yi ta shi ne Ishiyaku direba, mai jigila tsakanin Kibiya da Kano, shekara goma sha bakwai da suka wuce. Shi ya rubuta labarin, shi ya ba da umarni, shi ne jarumi, kuma duk inda jarumi ba ya cikin hoto shi ke riƙe da kyamara. A wuri biyu ma yana cikin hoton kuma yana riƙe da kyamarar, abin da har yau masana ba su gano yadda aka yi ba.

Labarin ba shi da wuya: damisa ta addabi mutanen ƙauyen Kahu, wani gwarzo ya fito ya kama ta da hannu. Sai dai an fara ɗauka farkon damina, aka gama bayan kaka. Saboda haka akwai inda gwarzo ya ce wa budurwarsa "Ina kwana?" dawa tana bayansa iya gwiwa, kafin ta ce "Lafiya lau" an girbe ta har an ɗaure kara. Sannan Ishiyaku mutum ne mai tarbiyya, bai yarda a yanke gaisuwar babba ba. Duk dattijon da ya biyo ta gonar ya ce "Sannunku da aiki," sai a dakata da kokawa a amsa masa, a tambayi gida da gajiya, ya wuce, a koma. Dattawa tara ne suka gaishe shi lokacin da damisa take bisa ƙirjinsa, kuma duk suna cikin fim ɗin.

Saura damisar. Jikinta rawaya ne da baƙin ɗige-ɗige, wannan kam ba gardama. Amma tana da kofato. Kunnuwanta huɗu ne, biyu daga ciki sun yi kama da ƙahon da aka sa wa safa. Wutsiyarta ta faɗi a minti na arba'in. Duk sanda aka bar ta ta huta sai ta juya ta kama cin ganyen wake, in kuwa ta buɗe baki za ta yi gurnani, abin da ke fitowa shi ne "meee".

Ishiyaku ya yi bayanin duk wannan tun a lokacin. Damisar dajin Falgore ce, wani maharbi ya ara masa, kuma irinsu haka suke kuka. Mutanen Kibiya suka dubi fuskarsa, suka tuna gumin da ya zubar, suka ce, "Ikon Allah." Daga ranar aka yi masa kara. Kowa ya san akuyar Iya Bara'atu ce, amma shekara goma sha bakwai ba wanda ya faɗa a gabansa. Faifan ya zagaya Kano da Zariya, ɗalibai suna taruwa su kalla suna faɗuwa ƙasa, har sun haddace gaisuwar dattawan. Da Ishiyaku ya ji ana kallonsa a jami'a, ya ce dama ya san aikin sai masu ilimi. Ya sa aka rubuta MAI DAMISA a gilashin bayan motarsa, ya zauna da cikakken imani cewa mutum uku ne a duniya suka san asirin: shi, da matarsa Saude wadda ta daka masa gangamau na shafa wa akuyar, da mai akuya.

To, bana abu biyu suka haɗu a mako ɗaya.

Na farko, zaɓen shugaban direbobin tasha, wanda aka sa ranar kasuwa. Masu ƙuri'a talatin da tara, 'yan takara biyu: Ishiyaku da Ɗanmalam. Ɗanmalam siririn mutum ne mai magana a hankali, kamar kullum yana yi wa mutum ta'aziyya. Ya yi alkawarin rumfa da randar ruwan sanyi. Ishiyaku bai yi alkawarin komai ba. Cewa yake wanda ya riƙe kunnen damisa ba zai kasa riƙe 'yan kamasho ba, kuma shekara goma ke nan yana mafarkin kujerar nan mai hannu da ke ofishin tasha.

Na biyu, wata Ikram, 'yar Rano da ta yi karatun fim a birni, ta shirya sabon fim a kan yadda aka yi Damisar Kahu, da 'yan wasa da komai, har da wanda zai fito a matsayin Ishiyaku. Za a fara nuna shi a wani ɗakin taro a Rano bayan azahar, ana gobe zaɓe.

Ishiyaku ya ga wannan ba haɗuwa ba ce kawai, tsari ne daga sama. Zai kwashi masu ƙuri'a kaf a jerin gwanon motoci, shi a gaba, lasifika a kan rufi. Su kalli tarihinsa. In an kunna fitila ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya nuna tabon da damisa ta bar masa a damtse. Su dawo gida, gari ya waye, su shiga bayansa.

"Malam, ka ga fim ɗin yarinyar nan kuwa?" in ji Saude, tana tankaɗe.

"Ina buƙatar in gani? Awa huɗu na yi ina ba ta tarihi. Batirinta ya mutu a awa ta biyu, na ci gaba."

"Ka ba ta tarihin gangamau?"

"Rage murya!"

"Turmina har yau rawaya ne. Duk wadda ta zo aro sai ta tambaya."

"Me kike ce musu?"

"Ina cewa damisa ce ta taɓa kwana a ciki."

Ishiyaku ya yi tunani, ya ga amsar ta yi daidai, ya yaba mata.

"Tabon kuma," in ji ta, "ka tuna dai murfin lagireto ne."

"Saude, ke matsalarki riƙe ƙananan abubuwa."

Ranar tafiya matsala ta fara daga tela. Ishiyaku ya ba da ɗinkin babbar riga mai zanen fatar damisa. Tela ya zaga kasuwa bai samu ba, sai ya yi ijtihadi, ya sayo atamfa rawaya mai baƙaƙen furanni, ya ce daga nesa duk ɗaya ne. Daga nesa kuwa duk ɗaya ne. Daga kusa, da Ishiyaku ya shigo tasha yana buɗa hannu, ya tarar da mata goma sha ɗaya sanye da atamfar nan sak, 'yan ankon biki ne za su Rurum.

"Lale da ɗan uwa!" in ji babbarsu. "Kai ɓangaren ango kake ko na amarya?"

"Hajiya, wannan fatar damisa ce."

"To, mu ma ashe damisa muka sa. Sa'adiya, kin ji, ki daina cewa an cuce mu."

Bai gama da wannan ba ya hango abin da ya fi wannan. A jikin ƙofar motarsa, ta gaba, Iya Bara'atu ce zaune a kan ƙullin kayanta, riƙe da igiya. A ƙarshen igiyar akwai akuya. Ba waccan ba ce, waccan ta daɗe da zama tarihi da miya. Tattaɓa-kunnenta ce. Amma fuskar nan, da doguwar haɓar nan, da yadda take kallon mutum kamar ta san wani abu a kansa, duk gado ne bai ɓata ba.

"Iya, ina kwana. Yau motar ba ta haya ba ce."

"Rano za ka?"

"Rano za ni, amma..."

"Ni ma Rano za ni, gidan 'yata. Buɗe."

"Iya, ga motar Ɗanmalam can, sabuwar taya gare shi."

Ɗanmalam, wanda ya amsa gayyatar kallon tun kafin a gama yi masa ita, ya matso yana murza hannu. "Wane ni, Mai Damisa? Ni ko kaza na ɗauka sai gabana ya riƙa faɗuwa. Kai ne ka saba da namun daji."

Masu ƙuri'a suna tsaye suna kallo. Mutumin da ke neman shugabancin tasha ba ya barin tsohuwa a rana. Ishiyaku ya buɗe but.

"A but?" in ji Iya Bara'atu. "Uwar kakarta ma a gaba ka riƙa ɗaukar ta."

Direbobi shida suka gano a lokaci ɗaya cewa akwai abin kallo a sararin sama. Ishiyaku ya rufe but, ya buɗe ƙofar gaba.

Aka kama hanya, mota bakwai, shi a gaba. A bayansa mutum huɗu masu ƙuri'a, cikinsu har da Baba Amiru, wanda ya fi kowa daɗewa a tasha, mutumin da in ya karkata rabin direbobi suke karkata. Ishiyaku ya ɗauki makirufo ya yi wa garin Kibiya bankwana kamar mai tafiya Hajji, sannan ya ajiye shi kusa da giya. Bai kashe ba.

Sun fita gari ke nan, daidai wasu masu cirar albasa, akuya ta sunkuyo ta shinshina makirufo, ta faɗi ra'ayinta.

"MEEEE!"

Lasifika ta kai maganar har bayan gonaki. Masu albasa suka miƙe, suka yar da fartanya, suka ɗaga hannu. "Damisar Kahu! Damisar Kahu! Sake sa mana wurin!"

Cikin mota ba wanda ya motsa. Ishiyaku ya yi tari mai tsawo, irin wanda yake fatan ya yi kama da abin da aka ji.

"Taki ya yi tsada bana," in ji Baba Amiru, yana kallon taga.

"Ƙwarai kuwa," in ji sauran ukun, kowa da tagarsa, har na tsakiya waɗanda ba su da ita.

Ishiyaku ya laluba zai kashe makirufo, ya ƙara masa murya. Daga nan har kusa da Rano, duk ƙauyen da suka ratsa sai akuya ta yi jawabi, jama'a su fito suna tafi, shi kuma ya danne hon don ya rufe ta. Hon ɗin ya gaji a ƙauye na uku. Akuyar ba ta gaji ba. Wani mai shayi ya biyo su da gudu yana cewa wallahi sautin faifan nan ya fi na da fitowa, a ina aka gyara shi?

"Kano," in ji Ishiyaku.

Ana hango dutsen Rano mota ta fara huci, ta yi shiru, ta tsaya. Motoci shida suka tsaya a bayanta. Ishiyaku ya fito yana cewa kowa ya zauna, shi da motar nan sun fahimci juna. Ya buɗe gaba, ya naɗe hannun rigar anko, ya kama murfin lagireto.

"Mai Damisa, da ka bari ta huce," in ji Baba Amiru.

"Baba, wanda ya riƙe kunnen..."

Ba a ji ƙarshen maganar ba. Da tururi ya lafa, Ishiyaku yana tsalle da ƙafa ɗaya, kuma a damtsensa na hagu akwai sabon tabo, zagayayye, wanda ya yi kama da tsohon na dama kamar tela ɗaya ya yanka su.

Ɗanmalam ya zo ya duba na hagu, ya zagaya ya duba na dama, ya girgiza kai cikin jimami. "Ikon Allah. Ashe har Rano take bin ka."

Haka jerin gwanon ya shiga Rano da tafiyar ƙafa: masu ƙuri'a takwas suna tura motar ɗan takara, ɗan takara yana tafe a gefe da rigar mata da tsumma a hannu, Iya Bara'atu tana riƙe da sitiyari, akuya tana sanar da isowarsu.

A ƙofar ɗakin taro Ikram ta fito ta durƙusa har ƙasa. "Baba, sannu da zuwa. An gode da aka samu dama."

"Ba komai, 'yata. Mu da muka buɗe hanya dole mu zo mu ga masu binta."

Aka ɗaure akuya a jikin taga ta waje. Iya Bara'atu ta ce tunda ta zo sai ta gani, gidan 'yarta ba gudu zai yi ba, ta shiga ɓangaren mata ta zauna kusa da Saude. Ishiyaku ya zauna a layin farko, ƙarƙashin allon majigi, inda dole sai ya ɗaga kai kamar mai duban wata. Aka rufe labule, janareto ya tashi.

Wanda ya fito a matsayinsa wani Nasir ne, dogo, mai faɗin kafaɗa da wushirya. Ɓangaren mata aka yi ajiyar zuciya.

"Kun gan ni ko?" in ji Ishiyaku, ya juyo. "Ko tsayin bai rage ba."

"Malam, kai ma dai ka faɗa ne kawai," aka jiyo muryar Saude.

Minti ashirin na farko ba a samu zaman lafiya ba. Manoma suka fara ƙorafi cewa dawar da ke bayan 'yan wasa ta ƙi girma, tun da aka fara tana nan iya ƙugu, wannan wace irin gona ce? Da aka zo wurin dattawa tara, waɗanda Ikram ta sa 'ya'yansu suka fito a madadinsu, duk wanda ya ce "Sannunku da aiki" a allo sai ɗakin gaba ɗaya ya amsa "Yauwa, sannu!" Wani mutumin Kahu ya miƙe ya ce a tsaya, an tauye mahaifinsa: a na asali sai da ya tambayi lafiyar jaki, a nan an yanke. Aka ba shi haƙuri. Ya zauna yana cewa yaran yanzu ba su san darajar gaisuwa ba, Ishiyaku ya juyo ya ba shi hannu.

Sai aka nuno maharbi ya sauke wani keji daga amalanke. Mutanen Kibiya suka gyara zama. Kowa ya shirya fuskar da zai yi in akuya ta fito, don shekara goma sha bakwai suna atisayen wannan fuskar.

Aka buɗe keji. Damisa ta fito.

Damisa ta gaske. Kunne biyu, ba kofato, wutsiya a manne da mai ita. Ta taka a hankali, tsokar kafaɗarta tana motsi, ta juyo ta dubi ɗakin da idanu kamar garwashi. Wata mata ta yi salati ta janye ɗanta.

Abin da ya faru shi ne, Ikram ta tambayi mutum arba'in a Kibiya ko mece ce dabbar, kowa ya ce, "To, Ishiyaku dai ya ce damisa ce." Ita ma tana da ido. Amma da ta kai maganar gida, mahaifiyarta Hajiya Zainaba ta ce in ta kuskura ta tona asirin sa'an ubanta a gaban jama'a, to ta nemi wani gidan cin tuwo. Sai Ikram ta zauna wata huɗu a gaban kwamfuta ta ƙera damisa gashi bayan gashi.

Ishiyaku ya ɗago daga kujera rabi. Bakinsa a buɗe. Ya san abin da ya shafa wa gangamau da hannunsa, amma ga shi a allo, kuma allo ya fi shi girma.

"Ita ce," ya ce a hankali. Sannan da ƙarfi: "Wallahi ita ce! Har ta ɗan yi ƙiba!"

Damisa ta ja baya, ta buɗe baki, haƙora suka bayyana. Daidai nan wayar lasifikar ɗakin ta zare, sauti ya ɗauke ɗif. Cikin wannan shirun, daga taga, aka ji:

"Meeee."

Ɗakin ya tashi. Wasu suna kabbara, wasu suna dukan benci, wani malamin makaranta ya zame ƙasa yana neman iska. Ishiyaku ya juyo ya buɗe hannuwa biyu, da mai tabo da mai sabon tabo.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Shekara nawa ina gaya muku haka suke kuka!"

"Mai Damisa! Mai Damisa!"

Baba Amiru da kansa ya ɗaga masa hula. Da janareto ya san abin da ya kamata, da a nan ya mutu, da yanzu Ishiyaku yana kan kujera mai hannu. Amma janareton Rano ne, an ba shi mai isasshe.

Ikram mai ilimi ce, kuma ilimi ba ya barin mutum ya huta. Tunda ta sa damisar gaske, dole ta bayyana yadda aka yi ta koma abin da duniya ta gani a tsohon faifai. Saboda haka aka nuno Nasir, bayan ya yi kokawa da damisa kamar namijin duniya, yana cin ƙosai, yana goge gilashin kyamara da yatsun, yana kafa ta tana kallon rana, yana danna abin da bai kamata ba. Daga ƙarshe aka raba allo biyu. A dama, abin da ke gaban kyamara: damisa. A hagu, abin da kyamarar Ishiyaku ta ɗauko: tsohon hoton nan, da safa, da ganyen wake.

Aka kunna fitila, aka yi tafi. Ikram ta ce ko akwai mai magana. Ishiyaku ya fara naɗe hannun riga, yana shawarar wanne tabon zai nuna, sai Ɗanmalam ya riga shi miƙewa.

"Jama'a, ni gafara na tashi nema. Malam Ishiyaku, ka yafe mini. Shekara goma sha bakwai ina zaton abin da nake zato. Ashe damisa ce ta gaske. Jarumtaka kam, ba mai ja da kai."

"Na yafe," in ji Ishiyaku. "Ɗan Adam ne kai."

"Na gode. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini." Ɗanmalam ya sunkuyar da kai. "A ba mutum damisa lafiyayya, da haƙorinta da farcenta. Ta shiga hannunsa. Ta fito da kofato tana cin ganyen wake." Ya ɗago kai. "Mu kuma gobe mota talatin da tara za mu ba shi."

"Sai mu wayi gari da amalanke!" wani ya faɗa daga baya.

"Amalanken ma mai safa!"

Malamin makarantar nan, wanda ya samu ya hau benci, ya ce shi a iya karatunsa bai taɓa jin darakta ya lalata dabba irin haka ba. Ya ce wannan ba ƙaramin rashin iya aiki ba ne, sai an dage.

Har yanzu Ishiyaku yana da jarumtakarsa, kuma da ita ya zo neman ƙuri'a. Abin da ake bukata kawai ya yi murmushi ya nuna tabo. Saude ta hango wuyansa yana kumbura.

"Malam, zauna."

"Lalatawa?" in ji Ishiyaku.

"Malam, don Allah zauna."

"Ni na lalata? Ni?" Ya hau kan dandamali, rigar anko tana kaɗawa. "Ku tambayi yarinyar nan da me ta yi tata damisar! Da kwamfuta! Tana zaune a inuwa tana danne-danne! Ni fa, me aka ba ni? Akuya! Akuya aka ba ni, mai ciki ma! Kwana uku ina shafa gangamau! Ɗigo ɗari biyu da goma sha huɗu na baƙin mai, da yatsan nan, ɗaya bayan ɗaya, tana harbi na! Safata sabuwa na sa mata a ƙaho! Ni na tufka wutsiyar da rama! Na ɗauki akuya na mai da ita damisa, na rufe idon Kibiya kaf shekara goma sha bakwai, ko mutum ɗaya bai gane ba! Wannan ne rashin iya aiki? A cikinku wa zai iya?"

Ba a taɓa jin shiru irin wannan a Rano ba. Har akuyar ba ta ce komai ba.

Baba Amiru ya sauke numfashi, irin na wanda ya ajiye buhu bayan doguwar tafiya. "Alhamdu lillahi. Ishiyaku, wato yanzu an yarda mu faɗa?"

"Ku faɗi me?"

"Ɗana, wata biyar akuyar nan tana yawo a gari rawaya. Kullum la'asar in kun tashi, ta gaban masallaci take bi ta koma gida, da safarka a kanta. A ƙofar gidana ta haihu. Da ɗige-ɗigenta."

Ishiyaku ya dubi layin farko. Ya dubi na biyu. "Kun sani?"

"Mun sani."

"Dukanku?"

"Mu ma nan Rano mun sani," in ji wani, cikin ladabi.

"To me ya sa ba wanda ya..."

"Ka yi gumi da yawa," in ji Baba Amiru.

Ikram ta matso ta durƙusa, idonta ya kawo ruwa. "Baba, da na san ka yarda a faɗa, da ban yi wata huɗu ina dasa wa damisa gashi ba."

Sai Iya Bara'atu ta miƙe, ta gyara mayafi. "Ni kuma ku daina cewa akuya, akuya, kamar ba ta da suna. Kyalla sunanta. Fim biyu ke nan ana yi a kanta, ba wanda ya rubuta sunanta. Ta mutu ba ta ga komai ba. Ga jininta can a taga, a rana, ku kuna inuwa."

Kafin ta rufe baki ɗakin ya koma waje. Kowa da wayarsa, kowa yana so a ɗauke shi da jinin Kyalla. Nasir mai wushirya ya tsaya a ƙofa yana jiran masu hoto, daga baya shi ma ya shiga layi. Ishiyaku ya rage a kan dandamali da hannun riga a naɗe. Saude ce ta zo ta duba sabon tabon, ta ce a nemo man shanu.

Duk da haka bai karaya ba. A hanyar dawowa, cikin motar Ɗanmalam, don tasa ta kwana wurin makaniki, ya lissafa mutanensa ya ga har yanzu yana da ashirin da ɗaya. Masoya fim ne na haƙiƙa, in ji shi, irin waɗanda ba sa guduwa don an samu ɗan bambanci a kan nau'in dabba.

Washegari kasuwa ta ci, tasha ta cika. Zaɓen ƙato bayan ƙato ne: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga. Wanda aka turo daga birni ya yi ƙirgar baƙo ne, bai san kowa ba, an dai ce masa ya ƙirga duk layin da ya gani. Ɗanmalam ya tsaya a gabas, Ishiyaku ya tsaya a yamma, ya ƙi waiwaye don kada a ce yana shakka.

Ana shirin farawa motar farko daga Rano ta shigo. Iya Bara'atu ta sauko da igiyarta da akuyarta, ta nemi inuwar darbejiya a tsakiyar fili, ta zauna ta huta. Direbobin da ba su samu hoto jiya ba saboda cunkoso suka ce bari su yi sauri kafin a fara. Da yake masoya fim ne na haƙiƙa, kuma masu tarbiyya, ba su yi turereniya ba. Layi suka yi.

Baƙo ya duba agogo, ya busa usur, ya ƙirga. Gabas, goma sha takwas. Tsakiya, goma sha biyar. Yamma, shida, har da ɗan takarar.

Ishiyaku ya zo na uku. Mutum biyu ne suka tsaya takara.